Mutuwar Dawisu Biyar a Kwaciri

Da hantsin wata Juma'a a tsakiyar damina, Baba Gana yana zaune a ƙofar gidansa a Fagge yana ɗinke igiyar takalminsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Mai unguwar Kwaciri ne.

"Gana, ajiye duk abin da ke hannunka ka taho. Ina da mutum a zaure, na garƙame shi don kada a kashe min shi."

"Me ya sata?"

"Bai saci komai ba. Dawisu ne suka mutu."

Baba Gana ya ɗauke wayar daga kunne ya ƙare mata kallo, kamar ita ce ta yi maganar. Shekararsa sittin da takwas a duniya. A Gaidam ya koyi bin sawu wurin mahaifinsa, ya sha bin raƙuman sata kwana uku a cikin rairayi ya dawo da su har da ɓarayin. Da ya zo Kano sai kwalta da siminti suka cinye masa rabin sana'a, ba a tunawa da shi sai in an haura katanga ko an ja akuyar wani. Amma a ce za a kashe ɗan Adam a kan tsuntsu, wannan kam bai taɓa ji ba. Ya zura takalmin a haka, ya fita titi ya tsayar da adaidaita sahu.

*

Tun daga bakin layi ya hango taron. Samari sun kai hamsin a ƙofar gidan mai unguwa, wasu da gora, wasu da duwatsu, kowa yana magana babu mai sauraro.

"A fito mana da shi!"

"Yau ko mu ko shi!"

Mai unguwa ya buɗe ƙofa kaɗan, ya jawo Baba Gana ciki, ya mayar da sakata. A kan benci wani mutum ne zaune, rigarsa a yage, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf. Baba Gana ya san shi. Ambrose ne, Ibo haifaffen Sabon Gari, mai shagon abincin kaji da magungunan dabbobi. Rabin masu kiwo a Fagge wurinsa suke zuwa in tunkiya ta ƙi cin abinci.

A tsaye mai unguwa ya zayyana masa labarin. Alhaji Abdulmuminu, dilan atamfa a Kantin Kwari, yana da dawisu shida a gida. Ranar Laraba aka wayi gari ɗaya ya mutu. Aka kira Ambrose, tunda shekara ashirin shi ke kawo musu abinci, ya duba, ya zuba magani a ruwan shansu. Ranar Alhamis biyu suka mutu. Yau ma biyu. Da Ambrose ya zo da safe ya duba wadda ta rage, Alhaji ya tare shi a ƙofar gida, a gaban jama'a, ya ɗaga murya ya ce, "Me ka zuba musu?"

"Iya abin da ya faɗa ke nan," in ji mai unguwa. "Kafin rabin awa saƙon murya ya zaga wayoyin unguwa. A na farko an ce ya ba dawisu guba. A na biyu an ce rijiyar gidan ya zuba wa. Wanda na ji yanzu cewa ake yara uku sun mutu."

"Gidan ma babu rijiya," Ambrose ya faɗa a hankali.

"To ka kira 'yan sanda mana," in ji Baba Gana.

"In na miƙa shi na tsare jikinsa. Shagonsa fa? Matarsa fa? Ana sakkowa daga Juma'a hamsin ɗin nan za su zama ɗari biyar, su tsallaka Sabon Gari. Abin da ke biyo baya ni da kai mun taɓa ganinsa a garin nan. Na durƙusa musu sun yarda su jira a sakko daga masallaci. Daga nan ba ni da ta cewa."

Ambrose ya kama hannun Baba Gana da hannu biyu.

"Baba, ka kawo abincin nan in ci a gabansu. Ka kawo ruwan in sha. Matata Ogechi tana shago ita kaɗai."

Baba Gana ya duba agogo. Ƙarfe goma da rabi ya wuce.

*

Gidan Alhaji Abdulmuminu ba baƙon wuri ba ne gare shi. Shekara arba'in da suka wuce, ranar da ya sauka Kano da buhu ɗaya a ka, mahaifiyar Alhajin ce, Hajiya Yakaka, 'yar garinsu Gaidam, ta sa aka ba shi ɗaki a zaure, ta ciyar da shi shekara biyu ba ta taɓa haɗe masa rai ba. Yana shiga ƙamshin turaren wuta ya tare shi kamar kullum. Gidan Barebari ne na asali, har kyanwar gidan ƙamshi take yi.

A farfajiyar waje, ƙarƙashin darbejiya, an shimfiɗe dawisu biyun da suka mutu yau. Ya tsuguna ya juya su. Babu rauni, babu jini, babu alamar haƙorin dabba. Bakunansu a buɗe, idanun sun yi ruwa. A gefe cikin kwando macen da ta rage tana kwance, tana miƙa wuya tana jan numfashi da ƙyar.

Alhaji ya tsaya a kansa, idanunsa jawur.

"Baba Gana, da ba a wahalar da kai ba. Abinci nasa ne, magani nasa ne. Me ya rage?"

"Ka gan shi ya zuba guba?"

"Sai na gani?"

"A ina suke kwana?"

"Da a kan darbejiyar nan. Tun da ruwa ya yi ƙarfi muke kora su ɗakin can da magariba, a buɗe da safe. Sakata ce kawai. Ƙofar gida kuwa ni da kaina nake kullewa."

Tsohon ɗakin ajiya ne, ƙasa ce a daɓe, tagar ɗaya ce kuma an toshe ta da kwali saboda feshin ruwa. Baba Gana ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa cikin duhu. Ya ga yakushin farata a jikin ƙofar daga ƙasa. Ya ga wata tsaka a mace, ya sa ƙafa ya ture ta gefe. Ya jawo kwanon abinci ya shinshina, ya jawo na ruwa ya shinshina. A nan ya tafka abin da da mahaifinsa na raye sai ya kwaɗa masa mari: ya zo da amsarsa a ka. Kowa ya ce guba, shi ma gubar yake nema, don haka kwano ya duba bai duba ƙasa ba.

Sai ga Hajiya Yakaka ta fito daga cikin gida tana dogara sanda. Ta haura tamanin, kuka ya sa fuskarta ta kumbura. Marigayi mijinta ne ya kawo dawisu biyun farko daga Maiduguri, waɗannan duk jikokinsu ne. Kowanne ta raɗa masa suna, a tafin hannunta suke cin gyaɗa.

"Baki ne, Gana," ta ce. "Ranar Talata aka kawo wasu 'yan biki su yi hoto da su. Babban ya baje jela, suka dinga ihu, kai, kai, kai! Ko mutum ɗaya bai ce tubarkalla ba. Ni dai ina yin iya bakin ƙoƙarina a kansu, amma abin ya fi ƙarfina."

"Allah ya sawwaƙe, Yaya," ya amsa, rabin hankalinsa yana wani wuri.

Alhaji ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Inna, ki koma ciki don Allah. Wannan ba maganar baki ba ce."

*

A bayan katangar gidan ƙasa ta jiƙe, ta riƙe duk abin da ya taka ta. Nan take Baba Gana ya ga sawun silifas, ƙafar dama tana karkata waje, an yi zirya sau uku a gindin katanga daidai bayan ɗakin tsuntsayen. A cikin kwata kuma ga ledar maganin ɓera, babu komai a ciki. Ya ɗauki ledar. Ya bi sawun taku ashirin, ya kai shi ƙofar maƙwabci.

Malam Habibullah ne, malamin Islamiyya, siriri mai saurin fushi. Duk unguwa an san sau biyu yana kai ƙarar dawisun wurin mai unguwa. Baba Gana ya yi sallama, ya ɗaga masa ledar.

"Malam, taka ce?"

"Tawa ce. Ɓeraye sun cinye min littattafai, na sa musu a ɗakin karatu. Ko laifi ne?"

"Me ya kai ka bayan katangar Alhaji sau uku?"

"Kwatarsa ce ta toshe, ruwa ya dawo min zaure. Na yi masa magana ya ce zai turo a gyara, har yau shiru. Na ɗauki shebur da kaina." Malamin ya matso, muryarsa ta hau. "Ka ji in gaya maka gaskiya, Gana. Na tsani kukan tsuntsayen nan. Ana tsakiyar hadda sai ka ji kamar ana yanka mutum. Na roƙi Allah ya raba ni da kukansu. Amma ban roƙa ya kashe su ba, ban kuma taya shi ba."

Baba Gana ya koma ya sake dubawa. Ga taɓon da aka kwashe daga kwata an tara, ga shatin shebur. Katangar ta yi kore da gansakuka daga ƙasa har sama, kuma babu inda aka goge ta ko da faɗin yatsa. Babu wanda ya hau katangar nan a daminar bana. Kwalin tagar ma ba a taɓa shi daga waje ba. Kusan awa guda ke nan ta tafi a banza, ya ji kamar ya ɗora hannu a ka.

*

Sabon Gari ta riga ta ji labari. A layin masu kaji ana ta jan ƙofofin shaguna ana rufewa, rana tsaka, ba wanda ke kallon ɗan'uwansa. Wata mata ta wuce da yara biyu tana jan su har suna tuntuɓe.

Ogechi, matar Ambrose, ba ta rufe ba. Tana tsaye a tsakiyar shagon da waya a hannu. Da ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi sai ta durƙusa.

"Baba, yana da rai?"

"Yana da rai. Tashi ki nuna min buhun da aka ɗebar wa Alhaji."

Ta jawo buhun, ta kwance bakinsa. Ya damƙi abincin, ya murza, ya shinshina, ya ɗanɗana. A bushe yake, babu fumfuna, babu wari.

"In ruwa ya taɓa abinci ya yi fumfuna yana kashe tsuntsu, mun sani," ta ce, kalmomin suna rige-rigen fita. "Shi ya sa muke ɗora buhu a kan katako. Zo ka gani." Ta kai shi bayan shago inda kajinta goma sha biyu ke tsattsagar abinci. "Daga buhun nan suke ci tun Litinin. Maganin da ya zuba wa dawisun, shi na ba waɗannan jiya. Ko ɗaya ba ta yi tari ba."

"Ko ciwon kaji ne ya kai musu a jikin takalmi?"

"Da nawa ne za su fara mutuwa. Kuma ciwon yana zuwa da zawo, tsuntsu ya yi kwana biyu yana gyangyaɗi. Ya ce min waɗannan da yamma lafiya lau suke, da safe a tarar da gawa." Ta riƙe bakin rigarsa. "Ka gaya musu, Baba. Kai za su ji maganarka."

Ya san ba za su ji ba. Wa zai tsayar da mutum ɗari biyar da labarin kaji goma sha biyu? Sai ya kawo musu wanda ya yi, ko abin da ya yi, in ba haka ba ya zo a banza. Daga can ɓangaren Fagge aka yi kiran farko na sallar Juma'a. Ya jingina da bango yana kallon sama don kada ya haɗa ido da matar.

A saman buhunan wata tsaka ta fito, ƙatuwa, ta yi wuf ta cafke ƙwaro ta koma. Duk abincin da ke jibge a shagon ko kallonsa ba ta yi ba.

Baba Gana ya miƙe tsaye. Tsaka ba ta cin abincin kaji. Ba ta shan ruwan kwano. To me ya kashe wadda ya ture da ƙafa?

"Ki rufe shagon ki shiga wurin maƙwabta," ya ce, ya fita kusan da gudu.

*

Wannan karon da tocila ya shiga ɗakin, a durƙushe, yadda aka koya masa. Tsaka huɗu a mace a gindin bango. Gizo-gizo sun faɗo daga rufi sun ƙanƙame ƙafafu. Sandar da aka gitta a sama don tsuntsayen su hau, sun bar ta. Duk sawunsu a bakin ƙofa ya taru, kan juna, inda suka yi ta yakushi. Dawisu a sama yake kwana, ba ya sakkowa sai in saman ya gagare shi zama. Numfashi suka sakko nema a ƙasan ƙofa. A jikin ƙusar ƙofar kuwa ga zare ja da ruwan ɗorawa, na tsohon zane, an cusa shi an toshe wurin.

Ya haska kusurwar ɗakin. Zobe uku ne a jikin ƙasa, kusa da kusa, kowanne faɗin tafin hannu, gefensa ɗaya da ɗan gibi. A kewayensu toka. Ya lakato ya kai hanci: tazargade, gishiri, da kaurin farar wuta wanda ƙamshin gidan ya lulluɓe. Kusa da kowane zobe akwai ɗan rami mai zurfi, irin wanda sanda ke bari in mai ita ya dogara da dukkan nauyinsa zai sunkuya.

Ya san kaskon da ke da wannan gibin. Shekara biyu ana ajiye masa shi a ƙofar ɗakinsa duk daren Juma'a.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Da ɓarawo ya tarar, ko maƙiyi, da ya fita yana murna. Matar da ta ciyar da shi ce, kuma in ya rufa mata asiri, kafin la'asar an ƙone shagon wani, wataƙila da matarsa a ciki. Ya tashi ya tafi masallaci. Ya yi sallar dai, amma ko kalma ɗaya ta huɗuba bai riƙe ba.

*

Ana sallamewa ya tari mai unguwa ya ce a tara masa mutane a farfajiyar Alhaji. Aka kawo Ambrose tsakanin dattawa huɗu, ana jifansa da zagi. Malam Habibullah ya zo yana huci. Aka bar samari uku suka shiga a madadin sauran. A waje layin ya cika maƙil, ana dukan ƙofar ƙarfe da gora.

Baba Gana ya jera tsaka huɗu a ƙasa a gabansu.

"Malam Habibullah kwata ya gyara, bai hau katanga ba. Abincin Ambrose na ɗanɗana da bakina, kajinsa suna ci suna nan lafiya. Waɗannan kuma a ɗakin na tsince su. Wa ya taɓa ganin tsaka tana cin abincin kaji? Abin da ya kashe dawisun shi ya kashe su, kuma ba a kwano yake ba. Hayaƙi ne. An kunna shi a ɗakin, an rufe ƙofa, an toshe ƙasanta. Tsuntsu ba shi da ƙirjin mutum. Hayaƙin da zai sa ka tari shi kashe shi yake."

Ya so a tsaya nan. Ba a tsaya ba.

"To ai shi ne!" babban cikin samarin ya nuna Ambrose. "Su ke sayar da maganin feshi. Shi ya kunna!"

"Da magariba ake rufe su, ina Sabon Gari," in ji Ambrose.

"Ƙarya kake!"

Maganar ta fita waje, ihu ya tashi, ƙofar ta fara lanƙwasa. Wani dutse ya tsallako katanga ya faɗi kusa da kwandon macen dawisun. Mai unguwa ya kama kafaɗar Baba Gana.

"Gana, in ka san mutum ka faɗe shi yanzu. Yanzu!"

Baba Gana ya juya ga Alhaji, bai iya ɗaga ido ba.

"Abdulmuminu, ka ce wa Inna ta fito. Ta zo da kaskonta."

"Inna? Me ya kawo Inna cikin wannan?"

"Ka kira ta."

Ba ta daɗe ba, don kaskon ma yana hannunta, da garwashi a ciki, ta haɗa wa macen da ta rage. Ta tsaya tana kallon maza cike da farfajiya. Baba Gana ya karɓi kaskon da hannu biyu, ya juye wutar a cikin ruwan kwata, ya shiga ɗakin kowa yana leƙe. Ya ɗora gindin kaskon a kan zoben. Gindin ya zauna daidai, har gibin.

"Yaya," ya ce, "me kike yi musu da magariba?"

"Hayaƙin baki mana," ta amsa ba tare da wani ɗar ba. "In maza sun tafi masallaci sai in kai musu. In ja ƙofa, in toshe ƙasa da zane, yadda ake yi wa ɗakin amarya, don ya kama jikinsu sosai. Bayan isha'i in ɗauke. Abdulmuminu ba ya son irin wannan, shi ya sa ban gaya masa ba."

"Tun yaushe?"

"Tun Talata, ranar masu hoto. Da ɗaya ya mutu na ce bakin ya yi ƙarfi, na ƙara farar wuta. Da biyu suka mutu na..."

Ta tsaya. Ta dubi tsakar da ke jere a ƙasa. Ta dubi gawa biyun da ke ƙarƙashin darbejiya. Sandar ta suɓuce daga hannunta, ta zame ta zauna a ƙasa jiƙaƙƙiya.

"Ni ce?" ta tambaya, kamar ƙaramar yarinya. "Gana, ni na kashe su?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige. Ya gyaɗa kai kawai.

Samarin uku suka sunkuyar da kai suka sulale. Mai unguwa ya bi su, ya hau kan dakali ya faɗa wa jama'a da ƙarfi: babu guba, babu rijiya, babu yaron da ya mutu, hayaƙin gida ne. Hayaniyar ta mutu kaɗan-kaɗan. Aka fara yar da duwatsu a ɓoye, kowa yana kama gabansa kamar wucewa ya zo yi. Cikin ɗaruruwan nan babu wanda ya leƙo ya ce a yi haƙuri.

Hajiya Yakaka ce ta ɗago, ta ga fuskar Ambrose a karo na farko, ta ga idon da rigar. Sai a lokacin ta gane abin da ake yi a ƙofar gidanta tun safe.

"Saboda ni aka yi maka haka? Ɗana, ka yafe min. Don Allah ka yafe min."

Ambrose ya ɗingisa ya je wurin kwandon, ya ɗago macen dawisun a hankali, ya buɗe bakinta ya duba da ido ɗayan da ya rage masa, ya kara kunne a ƙirjinta. Ya kai ta inuwa inda iska ke kaɗawa, ya wanke kwano ya zuba ruwa mai tsabta.

"Kada a sake shigar da ita ɗakin nan. A cire kwalin tagar. Ko turaren tsinke kada a kunna kusa da ita. In ta kai gobe tana shan ruwa, za ta tashi." Sannan ya durƙusa a gaban tsohuwar, ya ɗauko sandarta ya sa mata a hannu. "Inna, babu komai tsakanina da ke. So kika yi musu."

Alhaji Abdulmuminu ya matso, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Ya miƙa hannu.

"Ambrose, ka yi haƙuri. Kuskure ne aka yi."

Ambrose ya dubi hannun ya daɗe.

"Inna ce ta yi kuskure, Alhaji. Kai shekara ashirin ka san ni."

Ya juya ya fita. Hannun Alhaji yana nan a miƙe, babu wanda ya san inda zai sa idonsa. Baba Gana ya tsaya ya yi wa Hajiya Yakaka sallama, ba ta amsa ba, bai kuma san ko ta ji shi ba. Ya bi bayan Ambrose, taku uku tsakaninsu, ya raka shi ta cikin layin da ya yi tsit har bakin babban titi. A nan Ambrose ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya jira motoci suka wuce, ya tsallaka Sabon Gari shi kaɗai.